Waye Mai Ranar Asabar? Haɗin Kan Lig-Lig na Duniya da Rigimar Jadawali

A ranar 2 ga Janairun 2022, Liverpool ta je filin Stamford Bridge ta kara da Chelsea, aka tashi biyu da biyu. Sadio Mane ne ya zura ƙwallon farko, Mohamed Salah ya ƙara ta biyu, Edouard Mendy kuma shi ne a ragar Chelsea. Bisa dokar FIFA yadda take a rubuce, babu ko ɗaya cikin mutum ukun nan da ya kamata a gani a Landan a wannan yammaci, domin saura mako guda a buɗe gasar cin kofin Afirka a Kamaru, kuma ƙa'ida ta wajabta wa kulob-kulob sakin 'yan wasan da ƙasashensu suka gayyata tun daga ranar 27 ga Disamba. Abin da ya tsayar da su a Ingila shi ne wasiƙar da wata ƙungiya mai suna World Leagues Forum ta aike wa FIFA da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, tana neman a ɗage ranar zuwa 3 ga Janairu. Aka kuwa amince. Masu horar da tawagogin Afirka suka yi asarar mako guda na atisaye, gasar Firimiya ta kammala wasanninta na Kirsimeti da sabuwar shekara da taurarinta a fili. Makonni biyar bayan haka mutum ukun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Yawunde, inda Senegal ta doke Masar a bugun fenareti.

Da wuya ka samu wanda ya san sunan wannan ƙungiya a gidan kallo, amma akwai hannunta a cikin abubuwa da dama da ake musu a kansu a kan benci. Gamayya ce ta hukumomin da ke gudanar da gasannin lig na ƙasashe sama da arba'in, daga Ingila da Jamus da Faransa zuwa Meziko da Amurka da Japan da wasu na Afirka. An kafa ta a 2016, aka sauya mata suna zuwa World Leagues Association a 2024, kuma tana da yaya a nahiyar Turai da ake kira European Leagues. Ba ta shirya gasa, ba ta ba da kofi, ba ta da ikon dakatar da ɗan wasa ko cin tarar kowa. Duk da haka ta iya karɓe mako guda daga hannun nahiya sukutum, kuma mako gudan nan shi ne asalin abin da ake rigima a kai. Kuɗi na biyo baya ne, domin ana samun su daga kwanakin da aka mallaka.

Domin a fahimci lamarin sai an bambance abu biyu da mutane kan cakuɗa, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da kuma hukumar lig. Ta farko ita ce mai tawagar ƙasa, mai alƙalan wasa, mai rajistar 'yan wasa, kuma ita ce ke da kujera a FIFA. Ta biyu kuwa taron kulob-kulob ne da suka haɗa hannun jari domin gudanar da gasarsu da sayar da ita. A da can duk abu ɗaya ne a ƙasashe da yawa, ko kuma lig ɗin na ƙarƙashin hukuma kamar reshe, har zuwa lokacin da kuɗin talabijin ya shigo ya sauya lissafi. Sifaniya ta kafa hukumar lig mai cin gashin kanta a 1984. A Ingila, kulob 22 na rukunin farko sun ɓalle daga tsohuwar lig a 1992 suka kafa Firimiya, suka sayar da haƙƙin haska wasanninsu na shekara biyar a kan fam miliyan 304. Jamus ta bi sahu a farkon shekarun 2000. A yau kwangilar haska Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai ta kai fam biliyan 6.7 na kaka huɗu daga 2025. Lig-lig ɗin nan su ne ke biyan albashin 'yan wasa ta hanyar kulob-kulob ɗinsu, su ne ke cika filaye kowane mako na wata tara ko goma, su ne kuma ke tara mafi yawan kuɗin da ke yawo a harkar tamaula.

Sai dai duk da wannan nauyi, ba su da ƙuri'a ko ɗaya a inda ake yanke hukunci. FIFA na da mambobi 211, dukkansu hukumomin ƙasashe ne, kowace da ƙuri'a guda, kuma majalisar zartarwarta ce ke tsara jadawalin wasannin duniya, wato ita ke ware ranakun da dole kulob ya saki ɗan wasansa ga ƙasarsa. Abin da ya rage bayan FIFA da hukumomin nahiyoyi sun ɗebi nasu shi ne rabon lig. Firimiya na da kulob 20, zagaye 38, wasa 380. A cikin makonni 52 na shekara sai an cire lokutan wasannin ƙasashe na Satumba da Oktoba da Nuwamba da Maris, a cire gasar bazara idan shekarar ta zo da ita, a cire ranakun kofin ƙalubale, a cire dararen Talata da Laraba da Alhamis na gasannin Turai, sannan a bar wa 'yan wasa hutu da lokacin share fage. Duk wanda ya taɓa raba gado a gidan da magada suka fi gonaki yawa ya san yadda irin wannan lissafi ke ƙarewa. Kamfanin talabijin da ya biya biliyoyi ya biya ne domin ya ga Salah ranar Asabar da ƙafafunsa lafiya, saboda haka duk wani sabon wasa da FIFA ko hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta ƙirƙiro, daga cikin hajar lig aka yanko shi.

Manyan kulob-kulob ne suka fara gane cewa kuka a ɗaiɗaiku ba ya kai wa ko'ina. A shekarar 2000 suka kafa ƙungiyar G-14, wadda daga baya ta kai mambobi 18. Damarsu ta zo ne ta hanyar wani ɗan wasan Maroko, Abdelmajid Oulmers, wanda ya ji mummunan rauni a wasan sada zumunta da Burkina Faso a Nuwambar 2004, ya yi watanni yana jinya, kulob ɗinsa Charleroi na Beljiyam na biyan albashi ba tare da wani ya tallafa masa ba. Charleroi ya maka FIFA a kotu, G-14 ta mara masa baya. Kafin a kai ga hukunci aka sasanta a farkon 2008: aka rushe G-14, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ta Turai, ECA, wadda FIFA da UEFA suka amince da ita, aka kuma fara biyan kulob-kulob diyyar 'yan wasan da suka je gasar cin kofin duniya. Kuɗin ya fara da dala miliyan 40 a 2010, ya kai miliyan 209 a 2022, aka ware miliyan 355 domin gasar 2026. Kulob-kulob sun samu kuɗi da kujera, amma lig-lig ba su samu komai ba, domin diyya ba ta mayar da ranar da aka ɗauke. Su ma sun riga sun kafa tasu gamayyar ta Turai, wato European Leagues ta yau, a 2005, mai hedikwata a garin Nyon na Suwizalan, garin da UEFA take, sai dai ta yi shekaru muryarta ba ta wuce ɗakin taro ba.

Shekarar 2016 ce ta nuna wa lig-lig ainihin inda barazanar take, kuma ba daga waje ta fito ba. A watan Agustan shekarar, lokacin da UEFA ba ta da zaɓaɓɓen shugaba saboda dakatar da Michel Platini, aka sanar da sabon tsarin gasar zakarun Turai da aka ƙulla tsakanin UEFA da ECA. Daga 2018, ƙasashe huɗu da ke kan gaba, wato Sifaniya da Jamus da Ingila da Italiya, za su samu gurbi hurhuɗu kai tsaye, ma'ana gurbi 16 cikin 32, kuma za a riƙa la'akari da tarihin kulob wajen rabon kuɗi. Ba a tuntuɓi gamayyar lig-lig ba. A ƙarƙashin jagorancin Lars-Christer Olsson, ɗan ƙasar Sweden wanda shi kansa tsohon babban jami'in UEFA ne, gamayyar ta soke yarjejeniyar fahimtar juna da ke tsakaninta da UEFA. A cikin wannan yarjejeniya ne lig-lig suka yi alƙawarin ba za su sa wasanninsu a dararen gasar zakaru ba, don haka soke ta na nufin kowace lig na iya sa babban wasanta a daren Laraba ta raba 'yan kallo gida biyu. Barazanar ta yi aiki daidai gwargwado. Ba a janye sabon tsarin ba, amma a 2017 aka sake ƙulla yarjejeniya, aka ba lig-lig kujera ɗaya a kwamitin zartarwar UEFA, inda ECA ke da biyu. Akwai wani ƙaramin abu a wannan labari da ya cancanci a riƙe shi: gasar Italiya, wadda sabon tsarin ya fi yi wa rana, ba ta goyi bayan soke yarjejeniyar ba.

Abin da ke sa lamarin rikitarwa shi ne, kulob ɗin da ke zaune a teburin lig ranar Litinin shi ne ke zaune a teburin ECA ranar Talata. Real Madrid da Juventus da Manchester United 'yan gida ne a lig-lig ɗinsu, amma sun san cewa wasa da juna ya fi kawo kuɗi a kan wasa da Getafe ko Empoli ko Burnley. A 2019 aka fito da wani daftari da zai mayar da gasar zakaru kusan rufaffiya, inda yawancin kulob-kulob za su riƙe gurbinsu ko da me suka yi a gida, sai European Leagues ta tara kulob sama da 200 a Madrid suka yi watsi da shi. A ranar 18 ga Afrilun 2021 kuma kulob 12, shida daga Ingila, uku daga Sifaniya, uku daga Italiya, suka sanar da kafa gasar kansu mai suna Super League. Cikin kwana biyu shirin ya wargaje. Gaskiya fushin magoya baya a titunan Ingila da barazanar gwamnatin Birtaniya ne suka kashe shi fiye da duk wata sanarwar gamayya, amma a wannan karon lig-lig da UEFA sun tsaya a sahu ɗaya, tunda da shirin ya tabbata, matsayin kulob a teburin lig zai zama ba shi da wani tasiri.

A matakin duniya kuwa, World Leagues Forum ta zo ne a daidai lokacin da FIFA ke fama da badaƙalar cin hanci da ta yi awon gaba da Sepp Blatter ta kawo Gianni Infantino a Fabrairun 2016. Lig-lig na ɗauke da tabon abin da ya faru a 2015, lokacin da aka mayar da gasar cin kofin duniya ta Katar zuwa Nuwamba da Disambar 2022, aka datse musu kaka a tsakiya duk da shawarar da suka bayar ta a buga a watan Mayu. Matsalar FIFA a bayyane take. Kusan duk kuɗinta daga gasa ɗaya yake fitowa a shekara huɗu, alhali UEFA na kwasar nata kowace kaka. A 2021 Saudiyya ta gabatar da buƙatar a yi nazarin mayar da kofin duniya duk bayan shekara biyu, Arsene Wenger ya zama mai tallata shirin, gamayyar lig-lig da UEFA da hukumar Kudancin Amurka suka yi masa taron dangi har ya mutu. Sai FIFA ta sake dabara. A Disambar 2022 ta sanar da gasar kulob-kulob ta duniya mai kulob 32, a Maris ɗin 2023 kuma a birnin Kigali ta amince da jadawalin 2025 zuwa 2030 tare da faɗaɗa kofin duniya na 2026 zuwa wasa 104 daga 64. A watan Maris ɗin kuma ta sabunta yarjejeniyarta da ECA har zuwa 2030. Lig-lig suka ce an yanke duk wannan ba tare da an zauna da su ba.

Daga nan aka koma kotu, kuma makamin da suka ɗauka abin mamaki ne. A ranar 21 ga Disambar 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da masu Super League suka shigar, inda ta ce dokokin FIFA da UEFA na hana sabuwar gasa sun saɓa wa dokar gogayyar kasuwanci, saboda hukumar da ke shirya gasar kanta domin riba ba za ta riƙe ikon hana wasu ba sai da ƙa'idoji bayyanannu da ba su nuna bambanci. Lig-lig sun yi adawa da masu wannan ƙara, amma hukuncin ya buɗe musu ƙofa. A watan Mayun 2024 gamayyar ta duniya, wadda shugaban gudanarwar Firimiya Richard Masters ke jagoranta, ta haɗu da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, suka rubuta wa FIFA cewa ta sake lokacin gasar kulob-kulob ko su garzaya kotu. A ranar 14 ga Oktoban 2024, European Leagues da reshen FIFPRO na Turai da LaLiga suka shigar da ƙorafi gaban hukumar Tarayyar Turai a Brussels. Hujjarsu ita ce FIFA ta zama mai rabo kuma mai ci: ita ke tsara jadawali a matsayin mai doka, ita ce kuma ke cusa gasanninta a cikinsa a matsayin 'yar kasuwa, wanda hakan amfani ne da rinjaye ta hanyar da ba ta dace ba. A ganina wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba ta buƙatar mutum ya so Firimiya kafin ya yarda da ita. Kusan makonni huɗu kafin a shigar da ƙorafin, Rodri na Manchester City ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasa, kwanaki kaɗan bayan haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Arsenal.

Irin wannan shari'a ba ta sauri. Ƙarar Jean-Marc Bosman, ɗan wasan Beljiyam da ya ƙalubalanci dokokin sauya kulob, ta ɗauki shekara biyar kafin hukuncin 1995. FIFA ta gudanar da gasarta a Amurka daga tsakiyar Yuni zuwa 13 ga Yulin 2025, Chelsea ta lallasa Paris Saint-Germain da ci uku da nema, sannan kwana 31 kacal bayan haka PSG ta koma fili a wasan Super Cup. Gajiyar 'yan wasa ce aka fi magana a kai, amma abin da ya fi damun masu gudanar da lig shi ne inda dala biliyan ɗaya na kyautar gasar ya sauka. Chelsea ta koma gida da sama da dala miliyan 100. Kowane kulob cikin huɗun da suka wakilci Afirka, wato Al Ahly da Wydad da Esperance da Mamelodi Sundowns, ya samu dala miliyan 9.55 tun kafin ya taɓa ƙwallo, alhali wanda ya ɗauki kofin zakarun Afirka a 2024 dala miliyan 4 ya karɓa. Sundowns, kulob ɗin iyalan shugaban CAF Patrice Motsepe, ya riga ya lashe gasar Afirka ta Kudu sau takwas a jere. Idan aka ƙara wa irin wannan kulob kuɗin da ya ninka kasafin abokan karawarsa, lig ɗin ta zama tseren da an san mai cinsa tun kafin a busa usur, kuma lig da aka san zakaranta ba ta sayuwa. A wannan gaɓa ce buƙatar ƙananan lig-lig da ta manya suka haɗu da gaske, kuma a kan irinta ne gamayyar Turai ta yi ta matsa lamba har UEFA ta ƙara kason kulob-kulob da ba su shiga gasanninta ba daga kashi 4 zuwa kashi 7 cikin ɗari daga 2024.

Martanin FIFA shi ne cewa lig-lig munafunci suke yi, kuma a nan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin wanzami ba ya son jarfa. Kwana uku bayan kammala Firimiya a Mayun 2024, Tottenham da Newcastle suna Melbourne ta Ostireliya suna wasan neman kuɗi. A Mayun 2025 Manchester United ta wuce Malesiya da Hong Kong da zarar an rufe kaka. Faransa ta soke kofin lig ɗinta a 2020, ta kuma rage kulob zuwa 18 a 2023, amma Ingila ta riƙe kulob 20 da kofuna biyu, abin da ta yanke shi ne wasan maimaici na kofin FA, wanda ƙananan kulob-kulob ke dogaro da shi wajen samun kuɗin shiga. LaLiga kuwa, wadda shugabanta Javier Tebas ya fi kowa ɗaga murya kan kare gasannin cikin gida, ita ce ta yi shekaru tana neman kai wasan lig ɗinta Miami, wato kasuwar gasar MLS ta Amurka, 'yar'uwarta a gamayya. Shirin wasan Villarreal da Barcelona na Disambar 2025 sai da 'yan wasan Sifaniya suka yi zanga-zangar tsayawa cik na 'yan daƙiƙoƙi a farkon wasanni kafin aka soke shi. Ko a ƙorafin Brussels, an rubuta sunan LaLiga daban ne saboda a lokacin ta fice daga European Leagues. Zaman gamayyar ya fi kama da na 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa, kuma FIFA ce ke sa su juyo su kalli wuri ɗaya.

Ga mai kallo daga Afirka, lamarin ya ƙara sarƙewa, domin faɗaɗawar da lig-lig ke yaƙa ita ce hukumomin ƙwallon nahiyar ke tafa wa. Afirka na da ƙuri'a 54 cikin 211. Shirin tallafin FIFA na ba kowace hukuma har dala miliyan 8 a zangon 2023 zuwa 2026, kuma a ƙasashe da yawa wannan ne kuɗin da ke riƙe da ofis da filin atisaye da tawagar mata. Faɗaɗa kofin duniya ya ɗaga guraben Afirka daga biyar zuwa tara na kai tsaye. Saboda haka idan shugaban Firimiya ya ce wasanni sun yi yawa, shugaban hukuma a Yamai ko Banjul yana jin kamar mai ƙoshi ne ke wa mai yunwa wa'azin rage ci. Kuma ba a manta da cewa sau da yawa idan gamayyar ta nuna ƙarfinta a fili kan sakin 'yan wasa, gasar Afirka ce ke biyan farashi ba ta Turai ba.

Sannan akwai gogayyar da ba a cika kawowa teburin gamayya ba, wato ta manyan lig-lig da ƙanana a kan 'yan kallo. A ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da aka saba take wasannin gasar Najeriya, a ƙofar gidan kallo a Fagge ko Kurna za ka ga allo an rubuta wasannin Ingila da Sifaniya da alli, janareta na ruri, matasa na miƙa kuɗin shiga, wasu sanye da rigar Chelsea, wasu ta Arsenal. Kano ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin har yanzu filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na cika idan Masu Gida za su buga, musamman tun da Ahmed Musa ya dawo, amma a wasu jihohin kujeru ne ke kallon wasa. Abin lura shi ne Ingila kanta ta san illar talabijin ga ƙananan kulob-kulob, shi ya sa ta haramta haska kowane wasa kai tsaye a cikin ƙasar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata na yammacin Asabar, domin mutane su fita su kalli kulob ɗin garinsu. Wasannin da aka hana mutumin Manchester gani a gidansa su ne ake haskawa a Kano da Accra da Nairobi ba tare da wani shinge ba. Kariyar da Firimiya ke nema daga FIFA ita ce irin wadda gasar Najeriya ke buƙata daga Firimiya.

Ko da an buɗe wa lig-lig na Afirka ƙofa sosai, akwai tambayar wa zai zauna a kujerar. Gamayyar an gina ta ne a kan lig mai cin gashin kanta, wadda kulob-kulob suka mallaka. A Najeriya yawancin kulob-kulob na gwamnatocin jihohi ne, irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists, kasafinsu na jiran sa hannun gwamna. Kamfanin LMC da ya gudanar da gasar kusan shekara goma, ma'aikatar wasanni ce ta ayyana shi a matsayin haramtacce a 2022 aka naɗa kwamitin riƙo. A zamanin LMC ɗin ne, ƙarƙashin Shehu Dikko, aka ga wani nau'in haɗin kai mai amfani, lokacin da aka ƙulla yarjejeniya da LaLiga a 2016, aka kai zaɓaɓɓun 'yan wasan gasar Najeriya Sifaniya suka buga da manyan kulob-kulob, aka kuma fara gasar 'yan ƙasa da shekara 15. Ba sadaka LaLiga ta yi ba, kasuwa take nema, amma yaran sun buga ƙwallo. Irin wannan aiki marar hayaniya, na musayar dabarun tsaron filaye da lasisin kulob da yaƙi da satar haska wasa da cogen sakamako, shi ne mafi yawan abin da gamayyar ke yi a kullum. A Satumbar 2022 ta rattaba hannu da FIFPRO kan yarjejeniyar ƙwadago ta duniya a ofishin hukumar ƙwadago ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva, wadda ta amince cewa lig-lig da ƙungiyoyin 'yan wasa su ne ma'aikata da masu ɗaukar aiki da ya kamata su tattauna sharuɗɗan aiki. Ga ɗan wasan da ke bin kulob ɗinsa albashin wata biyar, wannan takarda ta fi kusa da rayuwarsa a kan duk rigimar Brussels, in har akwai ƙungiyar 'yan wasa mai ƙarfi a ƙasarsa da za ta riƙe ta.

Gasar cin kofin Afirka ce dai ta fi nuna wanda ke da nauyi a wannan rabo. A 2017 CAF ta mayar da ita watannin Yuni da Yuli domin a daina takun saƙa da kulob-kulob na Turai, aka buga ta Masar a haka a 2019, sannan damina ta tilasta komawa Janairu a Kamaru da Kwaddibuwa. Ta Maroko an tsara ta ne a bazarar 2025, sai gasar kulob-kulob ta FIFA ta mamaye lokacin. Janairu ma bai samu a cike ba, domin sabon tsarin gasar zakarun Turai mai kulob 36 ya sa zagaye biyu a ƙarshen watan. Aka matse ta tsakanin 21 ga Disamba da 18 ga Janairun 2026, FIFA kuma ta sake rage wa'adin sakin 'yan wasa zuwa 15 ga Disamba, kwana shida kafin wasan farko. Ana gobe za a buɗe gasar, Motsepe ya sanar a Rabat cewa daga 2028 za a riƙa buga ta duk bayan shekara huɗu.